Karen ƙanena mai ƙafa uku, da abin da ya tona game da tarbiyyar 'ya'yanmu

Na san wasu da ganin kanun nan za su ja tsaki. Gero ya yi tsada, kuɗin magani ya gagari magidanta, yara na karatu a rumfar zana, amma malamin makaranta ya rasa abin da zai rubuta sai zancen kare. Ban ga laifin mai faɗin haka ba, domin ni ma da bakina na faɗi makamancinsa a farkon lamarin. Roƙona kawai shi ne a daure a karanta zuwa ƙarshe, musamman iyaye da abokan aikina malamai, saboda maganar ta fi shafar yaran da ke hannunmu.

Ƙanena manomi ne kuma maharbi a wani ƙauye tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. Yana da kare dogo siriri irin na mafarautan Arewa, wanda ya raɗa wa suna Ƙyale-su, kamar yadda mutanenmu suka saba sa wa kare sunan habaici. Shekara takwas karen nan yana tsaron garkar dankali da albasa, yana korar dila daga garken awaki, yana kawo zomo gida. Bayan an gama girbi sai ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu. Aka ce ƙaya ce, aka duba ba a ga komai ba. Da kumburi ya fito a saman wuyan ƙafar, aka ce targaɗe ne, aka kai wa maɗori ya ɗaure da karare. Sati uku ana haka, kumburin yana ƙaruwa, ya yi tauri kamar dutse, karen ya daina taka ƙafar, da dare kuma kukansa ba ya barin kowa barci.

Ɗan ƙanen nawa, yaro ɗan shekara 13, a gidana yake zaune a Dogon Dutsi yana karatun kwaleji. Shi ya dawo daga ƙauye wata Lahadi, ya ƙi cin tuwo, ya durƙusa ya ce mini: "Baba, an ce za a kai shi daji a ɗaure a bar shi. Don Allah ku yi wa babana magana." Na ce masa kare ne fa, ya tashi ya ci abinci. Bai yi musu ba, bai kuma ci ba. Daren nan na kwana ina juya maganar da na faɗa masa, domin a satin ne na gama koya wa 'yan ajina darasin tausayi, har na sa sun rubuta shi a littafi.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ya yi karatun likitan dabbobi a makarantar ƙasa da ƙasa ta Dakar, wadda aka kafa a 1968, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta. Yana aiki a Yamai. Na kira shi, ya ce a kawo karen. Wani mai mota da ke kai kaya ya yarda ya ɗauke su a baya, tafiyar kusan kilomita 270. Da aka ɗauki hoton ƙafar, likitan ya kira ni ya ce: "Mushe, wannan ba karaya ba ce. Dukan alamu na ciwon dajin ƙashi ne. Ƙashin ya rube daga ciki, ko yaushe zai iya karyewa."

Bari in faɗi abin da na koya game da ciwon, domin mai kare ya san shi. Wannan nau'in, wanda likitoci ke kira ostiyosarkoma, shi ne mafi yawan ciwon dajin ƙashi a karnuka. Ya fi kama manyan karnuka masu dogayen ƙafafu da suka fara manyanta, kuma ya fi fitowa kusa da wuyan ƙafar gaba, ko kusa da kafaɗa, ko kusa da gwiwar baya. Zafinsa mai tsanani ne, maganin ciwo ba ya daɗewa yana riƙe shi. Abin baƙin cikin shi ne, a kusan tara cikin goma na karnukan da aka gano yana jikinsu, ƙwayoyinsa sun riga sun bi jini sun tafi, galibi zuwa huhu, ko da hoto bai nuna ba tukuna. Saboda haka yanke ƙafa yana raba dabbar da azaba, amma da wuya ya raba ta da ciwon. Idan yankewa kawai aka yi, abin da aka saba gani shi ne wata huɗu zuwa biyar. Idan an haɗa da allurar kashe ƙwayoyin dajin, yakan kai kusan shekara, sai dai kuɗinta ba na talaka ba ne.

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hanya biyu ce a gabanmu: ko a yanke ƙafar ya samu 'yan watanni babu azaba, ko a yi masa allurar da za ta hutar da shi nan take. Ta ukun da aka shirya a ƙauye, wato a yar da shi a daji, ya ce ba ya lissafa ta cikin hanyoyi. Ƙanena ya yi shiru a waya, can ya ce mini: "Yaya, shekara takwas yana kwana a sanyi ina kwana a ɗaki. A sayar da akuyar nan." Aka sayar da akuya guda, na cika abin da ya rage, likitan ya yafe ladan hannunsa.

Bayan kwana uku aka dawo da Ƙyale-su gidana, saboda mun fi kusa da ma'aikatar kiwo inda za a riƙa duba raunin. Ga yadda muka yi jinyarsa, ko wani zai amfana.

Mun kewaye masa ɗan wuri a inuwar dogon yaro da zana, muka shimfiɗa buhuna da tsohon bargo, domin lokacin sanyi ne. Babban abokin gaba a ƙasarmu ƙuda ne, wanda ke yin ƙwai a rauni ya zama tsutsa, don haka muka rataya masa tsohon gidan sauro, muka kuma sa masa tsohuwar rigar yaron ta rufe ɗinkin. Kare yakan lashe rauninsa har ya tsinke zare, sai muka yanke gindin wani bokitin roba muka zura masa a wuya. Ya tsani bokitin nan, amma shi ya cece shi. Magani kuwa sai wanda likita ya rubuta, a kan lokaci. A nan ina jan kunnen jama'a: kada a ɗauki ibuprofen ko diclofenac na mutane daga tebur ɗin mai yawo da magani a ba kare, suna huda masa ciki su kashe masa ƙoda.

Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba, shi ya sa rasa ta gaba ya fi wuya a kan rasa ta baya. A kwanakin farko yaron yakan zura zane ta ƙarƙashin ƙirjinsa ya riƙe bakin zanen biyu a sama, ya tallafe shi zuwa inda zai yi fitsari, safe da rana da yamma. A kan sumunti yana zamewa, a kan yashi kuwa ƙafarsa na kamawa, saboda haka muka zuba yashi a hanyarsa. Kwanon abincinsa muka ɗora a kan bulo biyu don kada ya sunkuya ya kife. Ana cika sati biyu aka cire zaren. A lokacin har ya koyi dasa ƙafar gaban da ta rage a tsakiyar ƙirjinsa, yana tafiya da ɗan tsalle. Abin da ya ba mu mamaki, gudu ya fi masa sauƙi a kan tafiya a hankali.

Daga nan sai kiyayewa ta yau da kullum. Ba a bari ya yi ƙiba, domin kowane ƙarin nauyi a kan ƙafa ɗaya yake sauka. Ba a fita da shi da tsakar rana lokacin da yashi ke ƙuna. Kullum da yamma yaron yakan duba tafin ƙafar ya cire ƙarangiya, saboda ƙaya ɗaya a wannan ƙafar ta isa ta kwantar da shi. Farauta kuwa an yi ban kwana da ita. Cikin wata guda karen ya koma cin abinci, ya koma haushin baƙo, ya koma kaɗa wutsiya. Ban taɓa ganin alamar yana jin kunyar kansa ba.

Mu ne muka ji kunya, kuma a nan ne ainihin maganata take. Ranar farko da yaron ya fita da shi bayan gida, 'yan makaranta suna tasowa. Kafin ka ce kwabo sun kewaye su, ana ihu ana "gurgu, gurgu", wasu na kwaikwayon tafiyarsa, duwatsu suka fara sauka. Ɗaya ya same shi a daidai tabon. Na fito da gudu, na ga fuskokin: rabinsu 'yan makarantarmu ne, uku 'yan ajina. Ga manya zaune a kan benci a ƙofar shago suna dariya, babu wanda ya ce kai.

Ina so a fahimce ni da kyau, ban kwatanta ɗan Adam da kare ba, Allah ya kiyaye. Amma wannan dariyar na san ta. Ita ce nake ji a filin makaranta idan yaron da shan-inna ta taɓa ya faɗi da sandunansa. Ita ce ke bin makaho da ɗan jagoransa ranar kasuwa, ita ce ke bin mai taɓin hankali. Hannun da ya saba jifan abin da ba ya iya ramawa ba ya tsayawa ya tantance. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, muna kuma ta tarukan ƙara wa juna sani kan shigar da yara masu naƙasa cikin aji, amma takarda ba ta hana yaro ɗaukar dutse. Abin da ke hana shi, babban da ke kan benci ne ya daka masa tsawa tun ranar da ya fara jifan ƙadangare da ɗan kwikwiyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba.

Ta farko ita ce ta addini: wai kare najasa ne, me ya haɗa Musulmi da jinyarsa. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da muka karanta a zaure shi ne, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki kuwa bin umarni ne. An halatta riƙe shi don farauta da tsaron gona da dabbobi, waɗanda su ne ayyukan karnukan Arewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Ko wanda ke bin ra'ayin cewa najasa ne, abin da aka ce masa shi ne ya wanke. Babu inda aka ce ya jefa.

Ta biyu ta fi nauyi: ta yaya za a kashe kuɗin akuya a kan kare a ƙasar da mace ke rasa kuɗin awon ciki? Wani maƙwabcina dattijo ya faɗa mini haka a fuska, kuma na girmama maganarsa. Amsata ita ce, ba na kiran kowa ya ɗauki karensa zuwa Yamai, ko zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda yaronsa ke kwance, yaron ne a gaba, babu tantama. Ƙanena akuyarsa ya sayar, bai taɓa rumbu ba. Wanda ba shi da hali, akwai abin da bai fi ƙarfinsa ba: inuwa, ruwa, ragowar tuwo, da zuwa wurin ma'aikacin kiwo a nemi shawara. Idan an fid da rai, a hutar da dabbar cikin gaggawa ba tare da azaba ba, malaman Malikiyya ma sun yi maganar halaccin haka. Abin da nake ƙi shi ne a ɗaure abin da ya yi maka bauta a gindin sabara ya mutu da ƙishirwa, yaranka suna kallo. Talauci ba ya tilasta wannan. Kuma yaron da ya ga haka ya koyi yadda ake yi da wanda amfaninsa ya ƙare, mu kuwa iyaye tsufa muke yi.

Ta uku ita ce tsoro: kare yana cizo, yana kawo ciwon hauka. Gaskiya ne, kuma wannan ya fi komai haɗari ga yaranmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma a duba da kyau, wane kare ne ke cizon yaro? Galibi wanda aka tsokana, ko aka ritsa, ko aka kora ya zama na bola. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, ciwon yakan yanke. Karen da ake iya kamawa a yi masa allura shi ne wanda ya saba da hannun mutum. Ashe jifa ba ya kare kowa, ƙara haɗarin yake yi. Kowane malami ya kamata ya koya wa ajinsa abu uku: kada a tsokani kare, musamman mai cin abinci ko mai 'ya'ya ko mai ciwo, idan ya yi cizo ko yaƙushi a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, sannan a tafi asibiti ranar, kada a ɓoye wa iyaye don tsoron duka. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon a duniya, tana zuwa dab da komawa makaranta, ta isa ta zama dalilin darasin farko.

Akwai darasi guda kuma da ban yi tsammani ba. Sati ukun da muka ɓata ana ɗauri, da maganar da wasu suka yi ta yi cewa daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, irin su ne ke kashe mana mutane. Wannan ciwon dajin ƙashin yana kama ɗan Adam, kuma ya fi kama samari da 'yan mata masu tasowa, galibi a kusa da gwiwa. Farkonsa ciwo ne da ke tsananta da dare, sai kumburi, sai a ce ƙwallo ce ko girma ne. Malami shi ke ganin ɗalibi yana ɗingishi sati bayan sati. Idan ciwon ƙashi ya wuce 'yan makonni bai lafa ba, ko kumburi ya yi tauri yana ƙaruwa, a kai yaron asibiti a ɗauki hoto kafin a je wurin maɗori. A mutane, idan an gano shi da wuri kafin ya bazu, da yawa suna warkewa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, inda aka buɗe sashen gashi da haske a 2021. Na ba 'yan ajina labarin Terry Fox, saurayin Kanada da aka yanke wa ƙafa saboda wannan ciwon a 1977, wanda a 1980 ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba, ya ci kilomita 5,373 yana tara kuɗin binciken magani, kafin ciwon ya tsayar da shi, ya rasu a 1981. Har yau ana gudu da sunansa a ƙasashe da dama. Ajin ya yi tsit.

Game da yaran da suka yi jifa, ban dake su ba. Na je gidajen ukun nan na ajina na gai da iyayensu, na roƙi a ba ni aron su da yamma. Ɗaya na ba shi aikin canza ruwa, ɗaya share wurin, ɗaya riƙe fitila idan ana cire ƙarangiya, kowa ya wanke hannu da sabulu idan ya gama. Ranar farko daga nesa suka tsaya. Bayan sati ɗaya sai na ji ɗayansu a bayan katanga yana ce wa wasu: "Kai, kada ku jefe shi, aiki aka yi masa." Ba zan ce sun zama waliyyai ba, yara ne. Amma wanda ya taɓa ɗaukar wa mara lafiya ruwa, hannunsa yakan yi nauyi wajen ɗaukar dutse.

Ƙyale-su ya koma ƙauye a watan Fabrairu, ya ci gaba da kwana a bakin garka. A ƙarshen Mayu ya fara tari, numfashinsa ya yi nauyi, ya daina cin abinci, kamar yadda likitan ya ce za a yi. Ba a bar shi ya wahala ba. Ƙanena da ɗansa suka haƙa rami a gindin gawo a gonar da ya tsare, suka rufe shi. Maƙwabcina ya ce to ga shi nan, akuya ta tafi, kare ya tafi. Na ce haka ne, Baba. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, yaron da ya ƙi cin tuwo a gidana ya ga ubansa ya cika alkawari ga wanda ba zai iya yi masa godiya ba, kuma yanzu shi ke tura keken wani ɗan ajinsu mai naƙasa ta cikin yashin unguwarmu kowace safiya, ba tare da kowa ya sa shi ba.

Don haka iyaye, idan kuka ga yaro da dutse a hannu yana bin kare, ko jaki mai gyambo, ko mahaukaci, ku yi magana, ko da ba ɗanku ba ne. Masu karnuka, ku nemi allurar rigakafi a ma'aikatar kiwo, ku kuma daina zubar da su idan sun tsufa. Abokan aikina daga Matankari har Tibiri, darasin tarbiyya da muke rubutawa a allo ana gwada shi ne a hanyar komawa gida, mu riƙa leƙa hanyar. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa tausayi a zukatansu da namu.